Ranar da Muka Ɓoye Kasuwarmu

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman ɗankwalina alhali yana kaina, ba na jin zan manta da ranar da muka tashi da hankalinmu garau, maza da mata, muka ɗauki kasuwa guda muka ɓoye ta don kada baƙi su gani. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a rumfa, masu cin abinci su ɗago su dube ni. Amma a ranar ba abin dariya ba ne, don saura ƙiris mu miƙa wurin da hannunmu.

Kasuwar tamu tana bakin tafkin Kainji, a wani gari tsakanin Yelwa da Wara. Ba wata babba ba ce. Rumfuna ne na kwano da na bunu, sun gangara daga gindin wata tsohuwar tsamiya har bakin ruwa. Ni abinci nake sayarwa, shinkafa da miyar kifi, mahaifiyata kuwa, Inna, a gindin tsamiyar take zama da dawa da daddawa da gishiri. Ranar kasuwa tun da hantsi jiragen mutanen gungu, wato tsibiran cikin tafkin, ke fara isowa da kifi ɗanye da banda da buhunan albasa, matan Kambari kuma su gangaro daga tudu da hatsi da itace a kafaɗa. Da yawansu ma ba ciniki suke yi irin wanda aka sani ba. Musaya ce, ki ba ni kifi in auna miki dawa, kuma kowace tana da abokiyar musayarta da ta saba, wata ma gadonta ta yi daga uwarta. Kasuwar ta kafu ne bayan ruwan dam ya ci tsofaffin garuruwa an rarraba mutane, wasu a wannan gaɓa, wasu can ƙetare. Shi ya sa rabin abin da ake yi a cikinta gaisuwa ce da ta'aziyya da sanar da biki.

Wata shekara bayan girbi sai ga wasu mutane da igiyar awo suna bin rumfuna suna aune-aune, ko sallama ta kirki babu. Da muka bincika, ashe wani attajiri ne ya nemi a ba shi wurin ya rushe rumfunan, ya gina jerin shaguna na bene masu ƙofofin ƙarfe, fuskarsu na kallon titi, ya kewaye bayansu da katanga. Bayan nan kuwa shi ne ruwa. Wato in an gama ginin, jirgi ba shi da inda zai tsaya, kasuwar kuma in babu jirgi babu ita. Hujjar da ya kai wa hukuma ita ce wai kasuwar ta mutu, mutane sun koma saye a bakin titi, awaki ne ke kwana a rumfuna. Maganar awaki dai gaskiya ce, ba zan yi musu ba. Hukuma ta yi mana adalci, ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai ta turo kwamiti ranar kasuwa sun gani da idonsu, ko tana da rai ko ba ta da shi.

Sarkin Kasuwa ya tara mu a gindin tsamiya. Mutumin kirki ne, mai son a fita kunyar baƙo. Ya yi zaman birni yana sayar da yadi a ƙuruciyarsa, kuma bai taɓa barinmu mun manta da haka ba. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ku saurara, jama'a. Ni na zauna da mutanen ga, na san halinsu. Ba su son ƙarni, ba su son hayaƙi, ba su son hayaniya. In sunka zo sunka iske ƙudaje bisa kihi, ko zama ba su yi, sai su ce a rushe."

Wani mai banda ya ce, "To Sarki, mi za mu yi da kihin?"

"Ɓoye shi za mu yi. Ai yini guda ne."

Abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne babu wanda ya yi dariya. Kowa ya gyaɗa kai, har ana cewa kai, Sarki ya san duniya. Mu mutanen nan haka muke, in baƙo zai zo gidanka sai ka kwashe tsummokara ka tura ƙarƙashin gado, ka shimfiɗa zanen gadon da ba ka taɓa kwanciya a kansa ba. To haka muka ɗauki kasuwar, ɗakin da za a gyara wa baƙo.

Aka tsara komai. Bayan gonar mangwaro akwai wani lungu da ruwa ya shigo, jirage na iya tsayawa, ba nisa da ƙafa. Aka ce duk mai kifi da mai albasa da mai itace da mai awaki da matan musaya, can za su tare sai baƙi sun tafi. Waɗanda za su zauna su ne masu yadi, da masu robobi, da tela, da mai gyaran waya, da 'yan tireda. Aka aika gungu-gungu aka faɗa wa masu jirage. Aka fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen fanka. Aka yi hayar kanofi da kujerun roba da lasifika. Muka yi shara kamar za mu kankare ƙasar, har ƙashin kifin da ya shekara a turɓaya sai da aka tsince shi.

Ni aka ɗora wa girkin baƙi. Na ce zan yi miyar giwan ruwa, wadda ko maƙiyina ya san na iya. Sarkin Kasuwa ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kihi kuma? Ɗiyata, kaji za ki soya, ki yi dafa-duka, ki yanka salak." Raina bai so ba, don ni ban yarda akwai kazar da ta kai giwan ruwa ba, amma haka na je neman kaji.

Inna ce kaɗai ta ƙi. Sarki ya so ta zauna a sahun gaba cikin anko, tunda ta girmi kowa a kasuwar. Ta karɓi atamfar ta jujjuya ta, ta miƙo mini. Ta ce, "Ni ba ni zama bisa kujerar roba ina washe baki ga wanda ban sani ba. Ƙawata na zuwa daga gungu. Inda jirginta yat tsaya, nan nika zama." Ƙawar nan tata wata tsohuwa ce, abokiyar musayarta tun kafin a haife ni. Sarki ya yi ta lallashi, Inna ko a jikinta. Ranar na zuwa ta sa aka ɗaukar mata buhun dawarta da ƙwaryar awo, ta bi bayan masu kifi.

Wajen hantsi motoci suka iso. Shugaban kwamitin wani dattijo ne dogo mai furfura a gemu, da farar shadda da takalmi sau-ciki sai ƙyalli yake. Tare da shi akwai mutanensa da kuma wakilin attajirin, wani gajere mai yawan murmushi. Muka jeru cikin anko muna tafi. Lasifika ta yi ta kuwwa, Sarki ya yi jawabin maraba mai tsawo, har da Turanci a ciki.

Daga nan aka zagaya da su. Ni ina daga rumfata ina hange, ina jin daɗi, don wallahi kasuwar ta yi fes. Ko tsinke babu. Bakin ruwa wayam, ba jirgi ko ɗaya, sai balbela na kiwo. Rumfunan masu kifi a share, babu kowa ciki. Layin albasa ma haka. Tela na ta taka keke ba tare da ɗinkin komai ba, don a ji motsi. Mai robobi ya jera bokitai launi-launi ya tsaya a gefe kamar mai jiran hoto. Mai saye kuwa ko na rantsuwa babu, don masu saye duk kifi da albasa ke kawo su, kuma sun bi kifi da albasa.

Dattijon ya tsaya a tsakiyar fili ya duba gabas ya duba yamma. Ya ce, "Sarki, yau ce ranar kasuwar kuwa?"

Sarki ya buɗe hannuwa, baki har kunne. "Yau ta, ranka shi daɗe. Ka ga tsabta ko?"

"Na gani," in ji dattijon. Gajeren nan kuwa murmushinsa ya ƙaru.

Ban gane komai ba sai da na kai abinci ƙarƙashin kanofi. Ina durƙushe ina jera kuloli sai na ji ɗaya daga cikin 'yan kwamitin yana ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Ai gaskiya aka faɗa. Ranar kasuwa ke nan fa. Wurin nan ya mutu, tausayi ne kawai suke ba ni da ankonsu." Na dire kular da ke hannuna. A nan ne na fahimci abin da muka aikata. An ce kasuwarmu ta mutu, mu kuma muka yi mata wanka muka shimfiɗe ta, muka gayyato mutane su shaida. Na dubi Sarki ina ta ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka yaba masa nake, sai ya ɗaga mini hannu.

Allah da ikonsa, cikin dattijon ne ya cece mu. Ya buɗe kula ya leƙa, ya ga kaji. Ya buɗe ta biyu, kaji. Ya mayar da murfin a hankali ya dube ni. "Baiwar Allah, na baro birni tun asuba na zo bakin ruwa, kaza za ki ba ni? Ni ma dai ba komai, amma mai ɗakina ta ce in ban koma mata da bandar kifi ba, in nemi wurin kwana. A garin nan ina ake samun kifi?"

Sarki ya yi wuf ya ce, "Yanzu a aika a kawo, ranka shi daɗe. Kai dai ka zauna ka huta." Har ya fara yafito wani ɗan kabu-kabu.

Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, kihin tsaraba ba a aike. In ba kai ka zaɓa da hannunka ba, na jiya za a kawo maka, Hajiya ta yi hushi. Taso in kai ka, nan kusa ne." Sarki ya zuba mini wata harara da har yau in na rufe ido ina ganinta. Na yi kamar ban gani ba. Dattijon ya miƙe, mutanensa suka miƙe, gajeren ma dole ya biyo baya.

Muka shiga gonar mangwaro. Tun kafin mu kai rabi hayaniya ta fara iso mu, da kukan awaki, da ƙarar injin jirgi, sannan hayaƙin banda ya daki hancinmu. Dattijon ya rage tafiya ya ce, "Biki ake yi a can?" Na ce a'a. Muna fitowa daga cikin itatuwa ya ja ya tsaya.

Ni kaina da na tashi a kasuwar ban taɓa ganin cikarta irin ta ranar ba, saboda lungun ƙarami ne, an cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa. Jirage sun jeru gefe da gefe har wasu sai ta cikin wasu ake tsallakowa. An tula albasa a kan ciyawa. Masu banda sun haƙa ramuka sun hura wuta kamar nan aka haife su. Matan tudu sun sauke kaya sun baje ƙore, ana awo ana gardama, wannan da Hausa, waccan da Kambarci, wata da yaren gungu, kuma kowa na gane kowa. Masu saye daga Yelwa da Wara na ta kutsawa, zane a tattare saboda taɓo. Ba wanda ya ko kalli farar shaddar dattijon, sai wani mai ɗauke da buhu da ya ce masa, "Hanya, Alhaji."

Na ja shi zuwa wurin Inna, don na san ƙawarta ce ke kawo bandar da ta fi ta kowa. Muka same su zaune a tabarma ɗaya, kwandon tarwaɗa da ragon ruwa a tsakaninsu, suna cin goro. Dattijon ya gaishe su da ladabi. Inna ta amsa, ta ce ya ɗan ja baya takalminsa na taka mata tabarma. Ya ja baya. Ya ce, "Inna, me ya kawo ku cikin wannan taɓo, ga kasuwa can a share?"

Inna ba ta san ko wane ne ba, ni kuma ban yi gaggawar faɗa mata ba. Ta ce, "Koro mu anka yi, ɗana. Wai manyan baƙi za su zo, ba su son warin kihi."

Ya ce, "Ni ne baƙon, Inna."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "To kai ba ka cin kihi?"

Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Ya tattare shaddarsa ya tsuguna, ya nuna kwandon ya ce a sayar masa duka. Ƙawar Inna ta girgiza kai. Ya ɗauka ciniki take ja, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta sake girgiza kai ta yi magana da yarensu. Inna ta fassara masa. "Ta ce wanga ba na saidawa ba ne, nawa ne. Dawa nika ba ta. In kana da dawa, zo wani mako ka bi layi."

Babban mutum guda, da motoci da rakiya, ga kifi a gabansa an hana shi saboda ba shi da dawa. Ya tambayi yadda abin yake, Inna ta yi masa bayani a taƙaice, tana yi tana korar ƙuda. Sai ya ce, "To in an gina muku shaguna na zamani fa, ba zai fi muku ba?"

Inna ta ajiye maficinta. Ta ce, "Ɗana, ni da wagga baiwar Allah katanga ɗaya ta raba gidanmu a tsohon gari. Da ruwa yaz zo, anka kawo mu nan, su anka bar su can. Ban da kasuwag ga, da ko mutuwar uwayenta ban ji ba. Shago na da kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Amma in kunka tare ruwa da katanga, ina jirginta za shi tsaya?" Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce ma na ji idona ya ciko, don duk shekarun nan ina ganinsu tare ban taɓa tunanin akwai ranar da za a iya raba su ba. Inna ta zaɓi manyan tarwaɗa daga rabonta ta naɗe a takardar siminti ta miƙa masa. Ya sa hannu a aljihu, ta ce ya mayar, baƙo ba ya sayen tsaraba a wurinta.

Ya miƙe ya juya, sai ga Sarkin Kasuwa ya iso yana haki, ankonsa ya sha taɓo har gwiwa, yana shirin ba da haƙuri. Dattijon ya riga shi. "Sarki, kasuwa aka turo ni in gani, kun nuna mini fili. Ina roƙon arziki, a mayar da ita mazauninta yanzu in gan ta."

Ban taɓa ganin ƙaura irin wannan ba. Jirage suka juya suka zagayo ta ruwa a jere, matan tudu suka saɓa kaya suka ratsa mangwaro, masu banda suka kwaso kifi da zafinsa, awaki suka yi gaba don sun fi kowa sanin hanya. Kafin azahar sharar da muka sha wahalar yi ta zama tarihi. Wani ya ɗaure akuyarsa a ƙafar kanofi. Kujerun roba suka koma abin shanya kifi. Kajina kuwa masu tuƙin jirgi ne suka cinye su, suna ci suna cewa ba laifi, amma da kifi ne da ya fi. Na koma rumfa na ɗora miyar giwan ruwa, dattijon ya zauna a bencina cikin hayaƙi ya ci har ya nemi ƙari. Gajeren nan ma ya ci, sai dai murmushin ya ragu sosai.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa kasuwa na nan daram, ba za a taɓa bakin ruwa ba. Attajirin aka ba shi fili kusa da tasha ya gina shagunansa, kuma ba ƙarya sun yi kyau, ni ma can nake sayen man gyaɗa. Sarki ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau, daga baya kuma sai muka ji yana ba da labari cewa dama dabara ce ya shirya, don baƙi su ga bambanci. Ba wanda ya ƙaryata shi, girmansa ya wuce haka. Inna da ƙawarta suka ci gaba da haɗuwa a gindin tsamiya duk mako har ƙarfinsu ya ƙare, kuma da Allah ya karɓi ran Inna, jirgin kasuwa ne ya kai labari gungu, shi ne kuma ya kawo tsohuwar ta zauna makoki tare da mu.

Abin da na koya ban same shi da sauƙi ba. Mun ji kunyar ƙarnin kifi da hayaƙi da surutun mutanenmu, alhali su ne shaidar cewa muna raye, kuma su kaɗai ne hujjar da muke da ita. Gyara wa baƙo wuri abu ne mai kyau, har gobe ina yi. Amma tun daga ranar, duk wanda zai zo duba ni, ko shi wane ne, ina share ƙofa in shimfiɗa masa tabarma, sannan in bar shi ya gan ni yadda nake.